Yadda 'Yan Foka Suka Koyi Tashi Daga Tebur

Daga cikin wasannin karta da mutanen Amurka suka yaɗa a duniya, akwai wanda aka rubuta wa littattafai masu yawa, wanda suke kira foka, kuma galibin littattafan nan a kan mas'ala guda suke magana, watau yadda mutum zai zauna a tebur ya cinye kuɗin abokan zamansa. Amma akwai wani ɓangare na tarihin wasan wanda ba a cika waiwayarsa ba, alhali kuwa shi ne ya fi shafar rayukan masu yinsa, shi ne tarihin yadda suka koyi tashi daga teburin. Mai karatu zai yi tsammanin tashi ba abin koyo ba ne, tun da yake ba a ɗaure kowa da igiya ba. To, amma wanda ya bi labarin 'yan wannan sana'a tun daga jiragen ruwan kogin Misisifi har ya zuwa zamanin intanet, zai tarar sai da aka haura shekara 150, aka yi hasarar dukiyoyi da lafiya da rayuka, kafin su yarda cewa hutawa ba ragwanci ba ne. Kuma ko da suka yarda ɗin, sau da yawa ba da son ransu ba ne, wasu ne daga waje suka aza musu, mai agogo da likita da hukuma.

Wajibi ne in bayyana matsayina tun da wuri, don kada wani ya zaci na ɗauki alƙalami ne in koya wa mutane caca. Caca haramun ce a shari'armu bisa ijma'in malamai, an ambace ta da sunan maisir a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, kuma a nan Ma'ida ne aka zayyana illolinta: tana jefa adawa da ƙiyayya tsakanin mutane, tana kuma shagaltar da su ga barin ambaton Allah da salla. Illa ta biyun nan ita ta fi tsaya mini a rai sa'ad da nake nazarin wannan tarihi, domin magana ce a kan lokaci, a kan mutumin da wa'adi zai zo ya wuce bai ankara ba saboda zuciyarsa tana wani wuri. Abin da Turawa suka gano a hankali, ta hanyar wahalar da suka sha da jikinsu, bai wuce wannan gafala ba, kuma sanin yadda suka gano ta yana da fa'ida ga duk wanda yake da ɗa ko ƙane mai riƙe da waya a hannu.

Ita kanta karta daga Masar ta zamanin Mamluk ta shiga Turai wajen shekarun 1370, amma foka a Amurka aka haife ta, a yankin New Orleans, garin da Faransawa suka kafa suka kuma bar wa wani wasan caca nasu wanda ake ganin daga gare shi sunan ya fito. Wani ɗan wasan kwaikwayo Ba'ingile mai suna Joseph Cowell ya ba da labarin yadda ya ga ana yinta a shekarar 1829, da karta 20 kacal, mutum huɗu, kowa ya sami biyar. Kuma a 1843 wani tsohon ɗan caca da ya tuba, Jonathan Green, ya wallafa littafi yana tona asirin maguɗin da ake yi da ita a jiragen ruwan Misisifi. Abin da ya raba foka da sauran cacar sa'a zalla shi ne, ba da gidan caca ake karawa ba, 'yan wasan da junansu suke karawa, gida kuwa ya ɗauki ɗan kasonsa daga abin da aka tara a tsaka. Kowa yana ɓoye kartarsa, yana iya ƙara kuɗi ko da abin da ke hannunsa ba ya da daraja, don ya tsorata abokin karawa ya zubar da tasa, abin da za mu ce burga. Saboda haka akwai gwaninta a ciki, akwai kuma sa'a, sun cakuɗe ta yadda wanda aka cinye ba ya iya rarrabe ko kuskurensa ne ko kuwa faɗuwar karta ce. Daga wannan shubuha ce damuwar 'yan foka ta samo tushe, domin mai jefa ƙwaya in ya yi hasara sai ya ce ƙaddara, amma ɗan foka in ya yi hasara hankalinsa ne da mutuncinsa yake ganin an taɓa.

A zamanin jiragen ruwa wasan yana da iyaka wadda ba 'yan wasa suka yanka ba: jirgi ya iso tasha, fatake su sauka da kayansu, tebur ya watse ko ana so ko ba a so. Da yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya yaɗa wasan tsakanin sojoji, suka koma da shi garuruwansu da mashayun garuruwan haƙar zinariya na yamma, sai wannan iyaka ta gushe, wata al'ada ta maye gurbinta, wadda har yau tana nan a teburan gida. Al'adar ita ce, wanda ya ci ba ya da ikon tashi. In mutum ya tara kuɗin jama'a a gabansa, ya dubi ƙofa, ya fara gyara zama kamar mai shirin sallama, nan take fuskoki za su sauya, wanda aka fi cinyewa ya ce masa ai bai kamata ya tafi bai ba shi damar fanshewa ba. In ya nace ya tafi, an yi masa tambarin marar muruwa ke nan, wataƙila ba za a sake gayyatarsa ba. Wanda aka cinye kuwa, shi da al'ada ta ba izinin tashi a duk sa'ad da ya so, shi ne zuciyarsa ba za ta bar shi ba, don yana ganin zagaye mai zuwa ne zai mayar masa da abin da ya rasa. Ta haka tebur ya zama wurin da kunya ta riƙe mai nasara, kwaɗayin ramuwa ya riƙe mai hasara, har gari ya waye a kansu duka.

Duk da haka, har tsakiyar ƙarni na 20 yawancin Amurkawa a matsayin hutu suka ɗauki foka, abin da ake yi da dare ɗaya a mako bayan an tashi daga aiki. Shugaba Harry Truman da ita yake sauke gajiyar mulki tare da abokansa a jirgin ruwan fadar shugaban ƙasa, har ma a watan Maris na 1946, a jirgin ƙasan da ya kai su garin Fulton inda Winston Churchill ya yi shahararren jawabinsa, sun kwana suna buga ta da shi. Wanda ya gaje shi, Dwight Eisenhower, gwani ne ƙwarai tun yana ƙaramin hafsa, amma ya faɗa a littafin tunawa da rayuwarsa cewa ya taɓa cinye wani hafsa ɗan'uwansa, har mutumin ya zo biya da takardun ajiyar da matarsa ta tara. Abin ya dame shi, ya haɗa baki da wasu suka bari mutumin ya fanshe, shi kuwa ya yanke shawarar barin wasan. A ganina Eisenhower ya hango abin da ƙwararrun da suka biyo bayansa suka yi shekaru ba su hango ba, watau cewa kuɗin da ke kan tebur daga wani gida suka fito.

Waɗanda suka mayar da foka sana'a ta sosai su ne 'yan cacar hanya na jihar Texas, irin su Johnny Moss, da kuma Doyle Brunson da abokan tafiyarsa Amarillo Slim da Sailor Roberts, waɗanda a shekarun 1950 da 1960 suke yawo a mota gari zuwa gari suna neman inda attajiran mai da masu shanu suka kafa tebur a ɓoye, tun da yake haramun ne a dokar jihar. Suna tsoron 'yan sanda, suna tsoron 'yan fashi masu faɗo wa wasa da bindiga, suna tsoron maguɗi. Kuma da yake ba kullum ake samun attajirin da ya zo da niyyar ɓarnar kuɗi ba, ƙa'idarsu ita ce muddin yana zaune ba a tashi, ko da za a kwana biyu ko uku ido buɗe. Da suka ƙaura zuwa Las Vegas, a jihar Nevada wadda ta halatta caca tun 1931, sai suka tarar da gidajen da ba a rufe su dare da rana, galibi babu taga babu agogo a bango, ta yadda wanda ke ciki ba ya sanin hantsi ne ko tsakar dare. A wannan yanayi ne labarin da suka fi alfahari da shi ya tsiro, cewa wajen 1949 mai gidan caca Benny Binion ya haɗa Johnny Moss da wani shahararren ɗan caca Bagirke, Nick Dandolos, suka yi wata biyar suna karawa, ba sa barci sai bayan kwana huɗu ko biyar, har Bagirken ya yi hasarar miliyoyin daloli ya sallama. Masu binciken tarihi suna shakkar ingancin wannan ruwaya, don gidan cacar Binion mai suna Horseshoe sai a 1951 aka buɗe shi, jaridun lokacin kuma ba su kawo labarin ba. Amma ko da ruwayar ba ta inganta ba, ta nuna mana abin da mutanen nan suke girmamawa, domin al'umma ba ta riƙe tatsuniya sai wadda ta dace da abin da take ɗauka jaruntaka, kuma jaruntaka a wurinsu ita ce a ga wanda zai riga wani faɗuwa.

Farkon abin da ya dawo da iyaka ga wasan ba tausayi ba ne, kasuwanci ne. A 1970 Binion ya tara manyan 'yan caca a Horseshoe ya kira taron gasar foka ta duniya, suka yi kwanaki suna wasa, sa'an nan aka jefa ƙuri'a aka zaɓi Moss zakara; amma 'yan jarida ba su ga abin rubutawa a gasar da ba ta da ƙarshe ba, don haka daga 1971 aka sake tsari, kowa ya biya kuɗin shiga daidai da na kowa, a ba shi 'yan kwabban wasa, in sun ƙare ya fita ba damar ƙaro wasu, har a rage mutum guda. Daga 1972 kuɗin shigar ya zama dala 10,000, kuma a nan ya tsaya har yau. Gasa kuwa ba ta yiwuwa sai da agogo, don a lokaci-lokaci ake ƙara yawan kuɗin dolen da ake zubawa kafin a raba karta. Kuma da agogo ya shigo, hutu ya biyo shi. A babbar gasar yanzu sa'a biyu ake yi a kowane mataki, sa'an nan a ba da hutun kimanin minti 20, da yamma a ba da sa'a guda ko fiye don cin abinci, da dare kowa ya zuba kwabbansa a jaka a rufe, ya rubuta sunansa, ya tafi ya kwanta. Wanda ya ga hutun nan zai ga dubban mutane sun miƙe a lokaci guda, wasu na gudu zuwa bayan gida, wasu sun jingina da bango suna ba abokansu labarin kartar da ta ci amanarsu, wasu kuwa sun fita cikin zafin hamada suna kai da kawowa su kaɗai, suna jan numfashi. Wannan ne karo na farko tun zamanin jiragen ruwa da mutum zai tashi ba tare da an ce ya gudu ba, dalili kuwa shi ne kowa aka tayar.

Sai dai gasa 'yan makonni ce a shekara, sauran kwanakin a teburan kuɗi ake yin su, inda tsohuwar al'ada take nan daram, kuma babu wanda rayuwarsa ta nuna abin da al'adar take ci kamar Stu Ungar. An haife shi a New York a 1953, ubansa mai karɓar cacar wasanni ne, ya tashi da kaifin ƙwaƙwalwa irin wanda ba a saba gani ba, har ya zama a wani wasan karta da ya fara da shi babu mai yarda ya zauna da shi. Ya ci gasar duniya a 1980, inda ya kayar da Brunson a ƙarshe, ya sake cinta a 1981, yana ɗan siririn saurayi da ake yi wa laƙabi da yaro. Hodar iblis da ta hallaka shi, an ruwaito cewa da farko don ya iya jure dogon zama ya fara shanta, bisa shawarar abokan sana'a, watau maganin barci ya nema don kada ya tashi. A gasar 1990 yana cikin masu rinjaye sa'ad da aka wayi gari bai fito ba. Aka je aka tarar da shi a sume a ɗakinsa, aka kai shi asibiti, mai raba karta kuwa ya ci gaba da ɗibar kuɗin dole daga kwabbansa a kujerar da babu kowa, kuma saboda yawan abin da ya tara, sai da ya zo na tara a gasar yana kwance.

A 1997, bayan shekaru na fatara da bashi, wani tsohon abokinsa, Billy Baxter, ya biya masa kuɗin shiga ana gab da rufe rajista, bisa sharaɗin su raba abin da aka samu. Ungar ya kwana bai runtsa ba yana neman kuɗin, har gyangyaɗi ya riƙa ɗibarsa a tebur a ranar farko. Amma da ya samu ya yi barci, ya dawo washegari kamar ba shi ba, ya ci gasar karo na uku da kyautar dala miliyan guda, sanye da wani ɗan tabarau mai shuɗin gilashi da aka ce don ya ɓoye hancinsa da hoda ta lalata yake sa shi, da hoton 'yarsa a aljihu. Cikin 'yan watanni rabonsa ya ƙare a cacar wasanni da ƙwaya. A ranar 22 ga Nuwamba 1998 aka tarar da gawarsa a wani ƙaramin masauki mai araha a Las Vegas, yana da shekara 45, da kimanin dala 800 a jikinsa, mutumin da aka ƙiyasta miliyoyi masu yawa sun bi ta hannunsa. Abokansa ne suka yi karo-karo aka yi masa jana'iza. Ba na iya karanta wannan labari ban ji zuciyata ta yi nauyi ba, domin Allah Ya ba shi basirar karanta abin da ke zuciyar duk wanda ya zauna gabansa, amma babu wanda ya koya masa, a cikin duk jama'ar da ke tafa masa, cewa jiki amana ne kuma yana da haƙƙi.

Me ya sa tashi yake da wuya haka? Dalili na farko a lissafin wasan yake. A gasa, kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu shiga ne kawai suke samun wani abu, saboda haka ko gwanin gwanaye sau da yawa hannu rabbana yake komawa gida. A teburin kuɗi kuwa mutum yana iya yin wasa daidai, ba kuskure, ya yi makonni ko watanni yana hasara, don sa'a ba ta bin jadawalin kowa. Magini in ya yi aiki mai kyau yakan ga gini a tsaye da yamma, amma ɗan foka yana iya yin mafi kyawun aikinsa a biya shi da hasara, ya yi wauta a biya shi da riba, kuma nafsun ɗan Adam ba a halicce ta ta jure irin wannan ba tare da ta gurɓace ba. Dalili na biyu a ɗabi'a yake. Masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna a 1979 cewa zafin hasara ya fi daɗin riba mai daidai da ita ƙarfi, kuma wanda yake cikin hasara ya fi saurin jefa kansa a haɗari don ya kuɓuta daga gare ta. Wani marubucin foka, Mike Caro, ya siffanta abin daga cikin gida: ya ce akwai wani haddi na baƙin ciki wanda in hasarar mutum ta ƙetare shi, ƙarin hasara ba ta ƙara masa zafi a wannan dare, wanda ya rasa dubu biyar sai ya ji rasa dubu goma duk ɗaya ne, ya yi ta zubawa, sai da safe lissafi ya dawo masa da dukan nauyinsa. Zuciya mugun nama, in ji mutanenmu, kuma a wannan hali ita ce ke riƙe da kartar.

A kan wannan ne saɓani ya auku tsakanin malaman wasan, kuma saɓani ne mai ma'ana. Mazhabar lissafi, wadda ake danganta ta da marubuta irin su David Sklansky, ta ce rayuwar ɗan foka duka zama ɗaya ne mai tsawo, karta ba ta san jiya ba, ba ta san an tashi an dawo ba, don haka mutum ya ce zai tashi in ya rasa kaza maganar banza ce. Muddin ya fi abokan zamansa iyawa, ya zauna. Ɗaya mazhabar, wadda ta yi ƙarfi da littafin Tommy Angelo na 2007 da na Jared Tendler na 2011, shi Tendler kuwa daga horar da 'yan wasan golf a kan natsuwa ya fito, ta amsa da cewa gaskiya ne karta ba ta sauya ba, amma mutumin ya sauya: wanda ya yi sa'a goma a zaune, aka cinye shi sau uku a jere, ba shi ne wanda ya shigo da safe ba, kuma mafi munin abin shi ne, ƙwaƙwalwar da za ta gaya masa ya lalace ita ce ta lalace. Saboda haka suka koyar da cewa a yanke hukuncin tashi tun kafin a zauna, mutum ya ce in na rasa kuɗin shiga sau uku na tashi, ko in sa'a kaza ta cika na tashi, ya kuma ɗauki kwanaki ko makonni ba ya taɓa karta in ya ga barcinsa ya ɓaci ko yana huce haushi a kan iyalinsa. Hujjar mutanen nan ta biyu ta fi ƙarfi a wurina nesa ba kusa ba, domin ta farko ta gina lissafinta a kan mutumin da ba ya gajiya, ba ya fushi, irinsa kuwa ba a taɓa haifa ba.

Abin da ya sa mazhaba ta biyu ta sami masu saurare shi ne intanet. A farkon 1998 aka fara buga foka da kuɗi na gaske ta kwamfuta, kuma a 2003 wani akanta daga jihar Tennessee, Chris Moneymaker, ya sami kujerar gasar duniya ta wata ƙaramar gasar share fage a shafin intanet na PokerStars, ya doke mutum 838 ya tafi da dala miliyan biyu da rabi. Bayan shekara uku masu shiga gasar sun kai 8,773. Samari suka bar jami'o'i suka kulle kansu a ɗaki. A teburin gaske kimanin zagaye 30 ake yi a sa'a, ga jiran mai raba karta, ga hira, ga tafiya gida; a kwamfuta kuwa tebur ɗaya yana ninka wannan sau biyu ko uku, mutum kuma yana iya buɗe tebur goma ko ashirin a lokaci guda, kamfanoni suna ba da lada na musamman ga wanda ya fi yawan bugawa. Duk 'yan sararin da ke ba zuciya damar hucewa suka toshe, hasarar da a da sai a shekara take taruwa ta koma ta mako guda. A ƙarshen 2009 wani saurayi ɗan Suwidin mai shekara 19, Viktor Blom, ya ɓullo da ɓoyayyen suna yana karawa da manyan duniya dare da rana, ya ci miliyoyi cikin makonni, sa'an nan a watan Disamba ya rasa kimanin dala miliyan huɗu a zama ɗaya a hannun Brian Hastings. Su kansu kamfanonin sai da suka sa hutun minti biyar a ƙarshen kowace sa'a a gasanninsu, a lokaci guda ga dukan tebura, ko da yake ba na mantawa cewa hutun da mai gida ya tsara yana yi masa amfani shi ma, tun da wanda ya sha iska ya fi daɗewa a zaune.

Tsohuwar jaruntakar ba ta mutu ba. A watan Yuni na 2010 Phil Laak ya yi sa'a 115 a teburin gidan cacar Bellagio don ya shiga kundin bajinta na Guinness, da izinin hutun minti biyar a kowace sa'a. Amma a wannan shekarar ce kuma aka ga abin da a zamanin Moss ba zai yiwu ba. Peter Eastgate, ɗan ƙasar Denmak, wanda ya ci gasar duniya a 2008 yana da shekara 22 da kyautar fiye da dala miliyan tara, ya sanar cewa sha'awar wasan ta fita daga ransa, zai huta, ya kuma yi gwanjon munduwar zinariyar da ake ba zakara, kuɗin da aka samu, fam 100,000, ya ba asusun yara na UNICEF. A 2016 Bajamushe Fedor Holz, yana kan ganiyarsa, bayan ya ci kusan dala miliyan biyar a gasa ɗaya, ya ce ya daina yin foka a matsayin aikin kullum. Shi kansa Brunson, dattijon 'yan hanyar Texas, a 2018 ya yi ban kwana da gasanni, ya ce tsawon zaman ya fi ƙarfinsa kuma matarsa ba ta da lafiya, yana so ya kasance kusa da ita. Ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Waɗannan kuwa masu rabo ne, sun tashi da abu a hannu. Mafi yawan waɗanda tebur ya riƙe ba a san sunansu ba, kuma hutun minti 20 ko na mako biyu ba ya warkar da abin da ke damunsu, don ba gajiya ba ce, jaraba ce ta kama su. Ga irinsu hutun da ake yi da niyyar komowa jinkirta halaka ne kawai, magani shi ne bari gaba ɗaya, abin da mu muke kira tuba. A 1957 aka kafa ƙungiyar masu fama da jarabar caca a Los Angeles, inda suke taruwa suna ƙarfafa juna ba tare da bayyana cikakken suna ba. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da cacar da ta fi ƙarfin mai ita cikin jerin cututtuka, kuma daga cikin alamomin da ake dubawa akwai komawa don fanshe hasara, watau ainihin abin da tsohuwar al'adar tebur take ɗauka haƙƙin wanda aka cinye. A 2013 aka mayar da ita babi guda da jarabar giya da ƙwaya.

Daga nan hukumomi suka ƙago wata dabara wadda ta ginu a kan yarda cewa mutum a lokacin natsuwarsa yana da ikon ɗaure kansa na lokacin gafala. A 1996 jihar Missouri ta buɗe rajistar da mutum zai je da ƙafarsa ya sa hannu a haramta masa shiga gidajen cacar jihar, in aka gan shi a ciki a kama shi da laifin kutse; da farko haramcin na har abada ne, daga baya aka ba da damar neman cire suna bayan shekara biyar. A Birtaniya doka ta wajabta wa kamfanonin caca na intanet su ba kowa damar rufe asusunsa na ɗan lokaci, daga sa'a 24 har zuwa mako shida, kuma a 2018 aka kafa wani tsari mai suna GAMSTOP, wanda daga 2020 ya zama tilas ga duk kamfanin da ke da lasisin ƙasar: mutum ya yi rajista sau ɗaya, ya zaɓi wata shida ko shekara ɗaya ko shekara biyar, dukan kamfanonin su rufe masa ƙofa. In ya yi nadama da tsakar dare ya roƙi a buɗe, ba a buɗewa sai wa'adin ya cika. In ma ya cika, ƙofar ba ta buɗe kanta, sai shi ya tuntuɓe su ya nema, sa'an nan a sa shi ya ƙara jiran sa'a 24 kafin a cire sunansa.